Tsarabar Duwatsu

Shafi na 17

Masu aiko mini da "ina sauran?" tun kafin in sha shayi, ku sassauta. Ga shi.

A Uke suka tsaya sayen kifi. Ɗan Abujan da ya ratsa Uke bai sayi gasasshen kifi ya ɗauke shi hoto ba, ba a lissafa shi cikin waɗanda suka yi tafiya.

Rahmatu ba ta fita ba. Yayyafi ake yi, ga sabon lalle a ƙafarta. Ta zauna a mota, inji a kunne, esi na hura ta, tana zaɓen hotunan da za ta ɗora.

Tana cikin farin ciki. Ku riƙe wannan da kyau, don ba zai daɗe ba.

Tun da aka ɗaura musu aure, Manniru bai taɓa kai ta ko gidan zu ba. Sai bana, da watan Agusta ya kama, watan da mutanen Abuja ke kira "summer" ruwa na dukansu, ya shigo da fara'a irin ta mai neman ƙuri'a.

"Rahma, kowa ya tafi hutu, wasu Landan, wasu Dubai. Mu ƙasarmu za mu gani."

Suka ajiye 'yarsu Ameera a Gwarinpa, gidan Yaya Abdulhakim, yayan Rahmatu, suka kama hanya. Dutsen Zuma, Gurara, duwatsun Riyom masu hawa kan juna, tsaunin Shere, Assop. A kowane wuri, bayan hoto, Manniru kan dafe ƙugu ya ce, "Ɗauko mana ɗan dutse, tsaraba. Ni bayana ya riƙe." Ita kuma ta sunkuya ta ɗauka, ta sa a cikin kular da ke but, a kan wani farin ƙyalle da aka yi sa'a yana da shi a mota.

Ta ɗauka soyayya ce. Ta yi jami'a, amma ta ɗauka soyayya ce.

Wayar Manniru ta yi ƙara yana tsaye gaban mai kifi. Ya duba, ya ɗago ya yi wa Rahmatu alama da hannu cewa ofis ne, ya yi nesa, can gindin wani mangwaro.

Abin da ya manta shi ne, wayarsa a haɗe take da rediyon motar. Shi da kansa ya haɗa, don su riƙa jin karatu a hanya.

Allon motar ya kawo haske: Mai Gyaran Famfo.

Wata murya ta cika motar, muryar dattijo mai sauri.

"Salamu alaikum, Alhaji. Kure ne. Saurara da kyau, cajina ya kusa ƙarewa. Duwatsun nan, ka tabbata ƙanwar tasa ce ta ɗauke su da hannunta? Kai ba ka taɓa ko ɗaya ba? In ka taɓa ka ɓata aiki. Jininsa ake so a kansu, ba naka ba."

Rahmatu ta ajiye wayarta a cinya.

Ta gilashi tana hango mijinta. Ya ɗaga waya sama yana neman sabis, yana juyawa, yana "Hello? Hello?"

"Ku iso kafin la'asar, ina da wasu baƙin. Ita za ta shigo da su, kada ka taya ta. A binne su da hular nan da ka kawo, da sunansa da na uwarsa. Ranar da zai zauna gaban kwamitin nan, in ya buɗe baki zai ji kamar an ɗora masa Zuma a harshe. Abdulhakim ɗan wa ka ce ma? Na manta sunan uwar."



"Alhaji? Kana jina?"

"Uwarsa uwata ce," in ji Rahmatu.

"Wa ke magana?"

"Mai hannun."

Cajin Malam Kure ya ƙare nan take.

Ga waɗanda suka shigo labarin nan a makare: kujerar darakta ɗaya ce za ta buɗe a ma'aikatarsu, mataimaka biyu ke harinta. Ɗaya Manniru, ɗaya Yaya Abdulhakim. Ranar Litinin za su zauna gaban kwamiti.

Manniru ya dawo da leda mai tururi, ya shiga yana kaɗe ruwa daga hula.

"Sabis ɗin garin nan sai addu'a. Ban ji komai ba."

"Ni na ji."

"Kin ji me?"

"Mai gyaran famfo. Yana gaishe ka."

Ta nuna masa allon da yatsa ɗaya. Sunan na nan a jerin kira, da manyan baƙaƙe.

Manniru ya dubi allon. Ya dubi wayarsa. Ya sake duban allon, ko zai canza ra'ayi.

"Ya ce mu isa kafin la'asar," ta ce. "Ya ce kada ka taya ni ɗauka. Ya kuma manta sunan Hajiyarmu. In kana so in rubuta maka, kada ya sake shige masa."

"Rahma, let me explain."

"Da Hausa. Da Hausa ya yi maka bayani, ni ma ka yi mini da ita."

Ya ajiye kifin a kan dashbod. Ya share hannu a wando.

"Addu'a ce."

"Addu'a."

"Neman sa'a. Kowa na yi a garin nan, ke ce ba ki sani ba."

"A wane littafin ka karanta cewa ana sa duwatsu a kula?"

"Ki rage murya, mutane na kallonmu."

"Gilashi a rufe yake, Manniru. Kai ne ka ce a sa mai duhu."

Ya zabura. Tun haihuwar Ameera bai ƙara jin sunansa tsirara a bakinta ba. Abban Ameera take cewa, ko faɗa suke.

"Ba cutar da shi za a yi ba," ya ce. "Wallahi sai da na kafa wa Malam sharaɗi. Ba ciwo, ba hauka, ba komai. Nauyi kawai. Bakinsa ya ɗan yi nauyi a gaban kwamiti, washegari ya warware."

"Kai, ka yi kirki. Allah ya saka da alheri. In mun koma sai in ce wa Yaya ya zo ya yi godiya."

"Ban son izgili."

"Me kake so? Tafi?"

Wata mai ayaba ta manna fuska a gilashi, ta ga abin da ta gani, ta wuce.

"A Zuma," in ji Rahmatu, "ka tuna tsohon nan da ya nuna mana fuskar mutum a jikin dutse? Da ya ce akwai masu wurin da ba a gani?"

"Me ya kawo wannan?"

"Ka tsayar da shi a rana ka yi masa lacca. Da Turanci. Ka ce masa ruwa da iska ne suka sassaƙa dutsen. Ka ce irin wannan jahilci ne ya hana ƙasar nan ci gaba. Ka faɗa masa a Ingila ka yi digirinka na biyu, shi da bai tambaye ka ba."

"Wannan daban."

"Kana gama laccar ka juyo ka ce, 'Rahma, ɗauko mana ɗan dutse.'"

Manniru ya rage esi. Ya sake ƙarawa.

"Ciwon bayan fa?" ta ce.

"Yana ɗan taɓa ni."

"Na shafa maka man zafi a Jos. Da hannun nan. Hannun nan ya sha aiki a tafiyar nan, ashe. Na ɗora hotonmu a saman Shere na rubuta 'Allah ya bar mu tare.' Ka san wa ya fara cewa amin?"

Ya kau da kai, ta ba kanta amsa.

"Yaya."

Nan ne Manniru ya tuna cewa shi namiji ne. Ya daki sitiyari, hon ya ɗan yi tari.

"Yaya, Yaya, Yaya! Kin san yadda nake zaune a ofis ɗin nan? Ko masinja bai san sunana ba, 'surukin Oga Abdul' yake ce mini. Na rubuta rahoto, a ce Abdulhakim ya taimaka masa. Na yi tari a taro, a dubi Abdulhakim a ji ko ya yarda. Yanzu kuma ya hau kujerar, in riƙa tsayawa a ƙofarsa da fayil ina jiran sakatariya ta ce in shiga?"

"Shi ya kai takardunka ofis ɗin da hannunsa."

"To, sai in mutu ina godiya?"

"A'a. Sai ka binne shi. Ai ya fi sauƙi."

"Ke ba kya son zama matar darakta?"

"Ni ko ta ina aka juya, darakta a gidanmu yake. Kai ne ke da matsala."

Ya buɗe baki, bai sami komai a ciki ba, ya rufe. Ba a ma binne ko dutse ɗaya ba.

Sai wani abu ya dawo mata.

"Hula. Ya ce 'hular nan da ka kawo.' Wace hula?"

"Wata ce kawai."

"Hular Yaya da ta ɓata a falonmu ranar Sallah? Da ya cire zai yi alwala?"

"Rahma..."

"Na birkice gidan nan kaf. Na ɗaga kujeru. Na kira Yaya ina ba shi haƙuri, ina jin kunya. Kai kana riƙe mini da fitila ina leƙa ƙarƙashin gado."

"Ban ji daɗin hakan ba."

"Amma ka haska da kyau."

Ta ɗaura bel ɗinta. Ta gyara mayafi.

"Tayar da mota."

"Gida?"

"Wurin nan na ƙarshe da ka ce za mu gani kafin mu shiga Abuja. Dattijon da ka ce masanin tarihin duwatsu ne. Ai shi ne, ko?"

Manniru ya gyaɗa kai kamar wanda aka kama da amsa a tafin hannu ranar jarrabawa.

"Can za mu. Zan karɓo hular Yaya da hannuna, tunda hannun nawa ne ke da daraja."

"Ba a yi wa Malam Kure haka. Ba ki san shi ba. Manya ke zuwa wurinsa."

"Na ga irin manyan."

"Rahma, ki bari mu koma gida, mu zauna, mu yi magana kamar masu ilimi."

Ta ɗaga wayarta, ta nuna masa lambar Yaya a kan allo, yatsanta a saman.

"Zaɓi. Ko ka kai ni in karɓo hular, ko in danna nan in faɗa masa komai, yanzu, kana zaune. Kafin Litinin duk ma'aikatarku ta ji. Har masinjan nan zai san sunanka."

Ya tayar da mota.

Suka bar kwalta kaɗan bayan Uke, suka shiga wata hanyar jar ƙasa da damina ta mai da kunu. Gonakin masara hagu da dama, tsaunuka kore shar a gaba, hazo na sauka a kansu. Da jiya ne, da Rahmatu ta ce a tsaya ta ɗauki hoto.

Yau wa'azi take yi.

"Ka san abin da ya fi ba ni takaici? Ba asirin ba ne. Wanda ka zaɓa ka yi wa."

Motar ta faɗa rami, duwatsun suka yi ƙara a but.

"Mutumin da ko rubutun sha ba ya yarda a kawo masa gida. Shi ke jan ku salla a masallacin ofis, kana bayansa kana cewa amin. Da Babanmu ya rasu, shi ya riƙe mu. Shi ya kai ni jami'a da kansa, da akwatina a kansa. Ranar da ka zo neman aurena da aron mota, kowa ya ce a'a, shi ya ce a ba ka, yaro ne mai natsuwa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Yanzu haka 'yarka tana gidansa. Ya ga mun tafi yawo mun bar ta, bai so ta ji ba daɗi, kullum sai ya ɗauke ta a mota ya fita da ita. Jiya ta kira ni tana murna. Yana can yana kula da 'yarka, kai kana nan kana tara masa duwatsu."

"Na ce na sani."

"Kai da shi, ko a takalmi ba ku haɗu ba."

Manniru ya zuba wa hanya ido. Kifin ya huce a kan dashbod, mai ya fara bin leda yana ɗiga.

"In kin karɓo hular, shi ke nan?" ya ce a hankali. "Ba za ki faɗa masa ba?"

"Tuƙa."

"Ina nufin mu. Ni da ke."

"Ka fara tuƙawa. Ramin gabanka ma ba ka gani ba."

Gidan Malam Kure na gindin wani baƙin tsauni. Gidan ƙasa ne mai rufin kwano, amma filin gabansa ya fi na wasu ma'aikatun cika. Manyan motoci a jere, kowace an lulluɓe lambarta da baƙar jaka. Direbobi sun taru a rumfa suna cin gyaɗa, ba mai gaida wani. Iyayen gidansu na zaune a kan benci a zaure, takalma a hannu, kowa ya sa baƙin tabarau a ranar da babu rana, kowa na duban ƙasa kada ya ga wanda ya sani.

"Ashe nan ne hedikwatar," in ji Rahmatu. "Can Abuja reshe ne."

"Don Allah ki yi a hankali. Akwai wanda ya girme ni a aiki a bencin can."

"Ka je ka gaishe shi mana. Ka tambaye shi ko bayansa ya yi sauƙi."

Ta fita. Lallen da ta yi ta karewa daga ruwa tun safe ta tsoma shi a taɓo, ko kallo bai ishe ta ba. Manniru ya biyo ta a baya, ya ja hula har gira. Don ruɗewa, da ledar kifin ya fito.

Ta buɗe but, ta buɗe kular. Duwatsun na kwance a kan farin ƙyalle, na Zuma, na Riyom, na Shere mai ɗan ƙyalli da ta daɗe tana zaɓa don tana so ta sa shi a falo.

Ta kife kular a cikin taɓo.

Wani a zaure ya ce "Subhanallahi," ba tare da ya ɗago kai ba.

Ta juya za ta nufi ƙofa.

Sai ta ga motar.

Farar jif ce, a fake can ƙarshen layi, bayan wata kuka. An lulluɓe lambarta kamar sauran. Amma ba a lulluɓe tsagewar da ke gilashin baya ba, ba a kuma ɓanɓare takardar da aka manna a gefenta ba, mai cewa a yi salati. Rahmatu ta san takardar. Ita ta sayo ta, ita ta manna.

Ta tsaya.

Motoci na kama, ta ce wa kanta. Ko direba ne ya ɗauko ba izini. Ko aro aka ba wani. Yaya mutum ne mai ba da aro.

"Mami!"

Daga bayan kukar yarinya ta fito a guje, da rigar ruwa mai ruwan hoda, da takalmin makaranta ya sha taɓo. Ba ta iya gudu sosai, don ta rungume wata leda mai nauyi a ƙirji da hannu biyu.

"Mami! Abba! Ku ma kun zo ganin dattijon tarihi?"

"Ameera," in ji Rahmatu. "Me kika riƙe?"

"Tsaraba ce!" Yarinyar ta buɗe bakin ledar tana haki. "Kalli. Wannan na Zuma, wannan na Aso, wannan na Mpape. Ni na ɗauko duka, da hannuna. Kawu bai iya sunkuyawa, bayansa na ciwo."

Ledar kifin ta suɓuce daga hannun Manniru.

Labulen ɗakin Malam ya motsa. Wani dogon mutum ya fito da baya, a sunkuye, yana godiya, takalma a hannun hagu, carbi a hannun dama. Ya juyo yana gyara baƙin tabarau.

"Ameera, zo ki shigo da..."

Yaya Abdulhakim bai ƙarasa ba.

Ba wanda ya yi sallama. Manniru ya dubi ledar da ke ƙirjin 'yarsa. Yaya ya dubi kular da ke kife a taɓo. Rahmatu ta dubi abin da ke leƙowa daga aljihun Yaya, agogon Manniru mai baƙin mari, wanda ya ɓata a Gwarinpa ranar da suka kai yarinyar.

Ameera ta ja mayafin uwarta.

"Mami, ya sunan kakata ta wajen Abba? Dattijon ne ke tambaya, Kawu ya manta."